Hajiyarmu tana shan warfarin, shin a hana ta zogale?

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da ƙafar Hajiyarmu ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, ga zafi. Da aka yi hoto aka ce gudan jini ne ya toshe jijiya. Ta yi kwanaki ana yi mata allurar heparin a fatar ciki, yanzu kuma tana shan warfarin kullum da dare, dukansu magungunan tsinka jini ne. To wata maƙwabciya ta ce mata mai shan maganin tsinka jini ba ya cin ganye, shi ke nan ta bar kwaɗon zogale da miyar kuka. Jiya na tarar da ita tana cin gayan tuwo, wallahi sai da na yi ƙwalla. Ga shi tana neman a kira wanzami ya yi mata ƙaho saboda ciwon gwiwa. Yaya za mu yi?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanwata, a mayar mata da miyarta. Ganye yana da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin, amma abin da ake gudu shi ne yau ta ci kwano guda, sai kuma ta yi mako biyu ba ta taɓa ba. Ta riƙa ci daidai gwargwado, kuma ku gaya wa likita don a sake gwajin INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini ke saurin daskarewa, wanda ga irin ciwonta ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙaho kam a'a, jinin zai iya ƙin tsayawa. Haka ibuprofen da diclofenac. Farasitamol ya fi, shi ma kada ta jera kwanaki tana sha ba da sanin likita ba.

Ɗan Baba:
Ku kula da kemis. Mahaifina ya sayi Flagyl don gudawa bai faɗa musu yana kan warfarin ba. Kwana biyar sai haɓo, dasashinsa yana jini, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Da dare muka kwashe shi zuwa asibiti. Septrin ma haka yake yi. Yanzu katin maganinsa yana cikin aljihun rigarsa duk inda za shi.

Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Anti. Ranar Litinin muke da gwaji, zan yi wa likitan maganar zogalen kafin mu dawo mata da shi. Wanzamin kuwa na riga na aika a ce masa kada ya zo.