Me za mu kira "bodega" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Fassara nake yi kan Laguardia, wani ɗan ƙaramin gari a lardin Álava da ke arewacin Sifaniya, kalma guda ta tsaya mini a wuya tun jiya: bodega, wato inda suke yin giyar inabi. Kafin a taso mini da wa'azi, ni ma ba sha nake ba, kuma na san hukuncinta. Amma garin nan inabi ne cinsa da shansa, ba yadda za ka ba da labarinsa ka tsallake kalmar.

Ga yadda abin yake. Garin a kan tudu yake, cikin ganuwa mai ƙofa biyar, mutanensa wajen 1,500. Sarkin Navarra, Sancho na shida, ya ba shi takardar 'yancin gari a 1164 don ya tsare masa iyaka, sunan ma daga gadi ya samo asali. Ƙarƙashin gidajen kuwa an yi ta haƙa ramuka cikin dutse, ɗaruruwa, har ƙasan garin ya koma kamar shuri. Shi ya sa ba a barin motoci su riƙa yawo a cikin ganuwa. A gidan da aka haifi marubuci Samaniego a 1745, sai ka gangara kusan mita 7 kafin ka tarar da ganguna jere cikin duhu da sanyin da bai san rani ko damina ba, kuma har yau da ƙafa ake taka inabin gidan. Wannan bodega ce. Ka fita bayan ganuwa, ga Ysios, ginin da Santiago Calatrava ya zana aka buɗe a 2001, rufinsa na alminiyum yana hawa da sauka a gindin duwatsun Sierra de Cantabria. Ita ma bodega. Kamfanin Marqués de Riscal da ke maƙwabciyarsu Elciego tun 1858, shi ma haka ake kiransa. Rami, gini, kamfani, duk suna ɗaya. To, me za mu ce?

Na ga amsoshi, na gode. Masu cewa mashaya, a'a. Mashaya wurin sha ne, can kuwa wurin yi ne, ko da baƙi 'yan yawon buɗe ido na ɗanɗanawa.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce rumbun giya. Malam, kalmar ta yi daɗin baki, amma dubi rumbu: a kan duwatsu ake ɗora shi don ya guje wa danshin ƙasa, wannan kuwa danshin yake bi. Sannan gero ka zuba, gero za ka ɗebo. Abin da ya shiga bodega ba shi ke fitowa ba. Matsalar sito da ma'ajiya ke nan su ma, duk da cewa tushen kalmar a Girkanci ajiya yake nufi. Kalmar matata kuma Kaduna da man fetur take kai hankalin mai karatu.

Sai ga wata malamar Hausa ta ce mu daina neman sunan ɗaki, mu nemi aikin da ake yi a ciki, yadda aka samu marina da majema da maƙera. Aikin kuwa tsimawa ne. Ta ce matsima. Malama, Allah ya ƙara sani, tun ɗazu nake juya ta ban ga ɓaraka ba. Domin a yankin Rioja, inda Laguardia take, da lokaci ake auna darajar kaya. Jar giyar da za a rubuta wa crianza sai ta shekara 2, aƙalla ɗaya a cikin gangar katako mai cin lita 225. Reserva shekara 3. Gran reserva shekara 5, aƙalla 2 a ganga. Wannan salon daga Bordeaux ta Faransa ya shigo a shekarun 1860, ya ƙara kankama da wani ƙwaro mai cin saiwa ya cinye gonakin Faransawa, fatakensu suka tsallako Rioja neman kaya. Ƙwaron ya biyo sawu a 1899, ya yi tasa ɓarnar, sai da aka riƙa aura inabin gida a kan saiwar inabin Amurka. Wanda duk ya taɓa ganin an jiƙa sassaƙe a tulu an rufe baki an ce kada a taɓa sai kwana kaza, ya san abin da ake nufi da abu ya tsimu.

Masu dariya a ƙasa, na gan ku. E, akwai tsimin mata, akwai na 'yan tauri. Shi ya sa ba za ta fita ita kaɗai ba, sai da rakiya: matsimar inabi.

Wani ɗan'uwa daga Jos ya tuna mana cewa Littafi Mai Tsarki na Hausa "ruwan inabi" yake cewa. Haka ne, yallaɓai, kuma masu karanta shi sun san abin da ake nufi. Amma a labarin gari, mai karatu zai iya ɗauka lemon kwali ne, don haka giyar inabi zan rubuta.

Abin da na tsayar ke nan: matsimar inabi ga ginin, jam'i matsimai, kamfanin giyar inabi idan masu kuɗin ake nufi. Ramin ƙarƙashin gida, wanda su suke kira calado, na sa masa matsimar ƙasa. Mai tambaya kan bodega ta birnin New York kuwa, wannan kantin unguwa ne kawai, da Hausarsa tun tuni.