Yadda za a koyar da tarihin mishan na Katolika a Latin Amurka

Mun zauna da wasu malaman tarihi kan yadda za a bayyana wa ɗalibai dabarun limaman Katolika wajen shigar da 'yan asalin Latin Amurka addinin Kirista. Yawancinsu sun ce a fara darasi da batun yara. Limamai 12 na ɗariƙar Faransiskan da suka iso Meziko a 1524 sun gane dattijo ba ya sakin abin da ya gada cikin sauƙi, sai suka tara 'ya'yan sarakuna a makaranta. Haka aka kafa kwalejin Tlatelolco a 1536. Wasu yaran sukan koma gida su farfasa gumakan iyayensu, abin da ya taɓa ni ƙwarai.

Sai batun harshe, domin limaman sun koyi Nahuwatal, harshen Aztek na Meziko, suka yi wa'azi da shi, suka kuma gina coci a kan kufan wuraren bauta.

An ja kunne kada a ɓoye tilas. A 1562 wani limamin Faransiskan mai suna Diego de Landa ya ƙone littattafan mutanen Maya a garin Mani, aka azabtar da jama'a. Wata malama ta ƙara da cewa a yi adalci, a ambaci limaman ɗariƙar Jesuwit na Faragwai, waɗanda suka tattara 'yan ƙabilar Gwarani a garuruwa suka kare su daga masu farautar bayi har Sifaniya ta kori limaman a 1767. Shawararta ita ce a bar ɗalibai su yi muhawara kan ko zaman garuruwan nan kariya ne ko tsarewa.