Tambaya kan lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a jiki: ina ake nema, kuma wata nawa ake jira?

Manomin Hanyar Kachia ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya, ina zaune a Unguwar Rimi, kuma ina da gona a kan hanyar Kachia wadda nake zuwa sau biyu ko uku a mako tun daga shuka har zuwa girbi. Duk wanda yake bin hanyoyin wajen gari a 'yan shekarun nan ya san halin da ake ciki, ba sai na tsawaita ba. A bara, ranar da muka gama casar masara, direban da ya ɗauko mana buhuna ya ƙi tashi bayan la'asar, sai muka kwana a ƙauye, ni da yarona, a kan tabarma a zauren mai unguwa, muna sauraren duk wani ƙarar babur da ya gifta.

Ƙanena yana zaune a Teksas ta Amurka. Da na ba shi wannan labari a waya, sai ya ce mini shi yana da katin izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye a ƙarƙashin riga, kuma daga ranar da ya nema zuwa ranar da katin ya iso masa bai cika wata biyu ba. Ya ce in je in nemi irinsa. Na tambayi mutum uku a nan Kaduna, kowa da amsarsa: ɗaya ya ce hedikwatar 'yan sanda ta jiha, ɗaya ya ce sai Abuja, na ukun kuwa ya ce yana da wanda zai fito mini da takardar cikin mako uku idan na shirya kuɗi. Ina roƙon masu sani su bayyana mini inda ake fara nema, takardun da ake buƙata, da tsawon lokacin da ake jira.

Lauya daga Barnawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kiyaye hanya. Kafin a yi maganar jira, ya kamata a san cewa irin katin da ƙanenka yake riƙe da shi ba shi da takwara a dokar Najeriya, don haka babu wani layi da za ka bi har ka kai gare shi.

Dokar da take tafiyar da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku, kuma kowane gida da mai ba da izininsa. Gida na farko shi ne na haramtattun makamai, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna zaton bindigogin yaƙi da mashinga da gurneti ne kaɗai a ciki. Ƙaramar bindiga, fistol ce ko libarba, tana cikin wannan gida, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ne doka ta ba ikon ba da lasisinta. Ba kwamishina ba, ba gwamna ba, ba ma Sufeto Janar ba. Gida na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta da bindigar iska, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko a nan ma dokar ta cire duk bindigar da take ɗura kanta ko take da wata na'urar ɗuri, abin da ya sa a 2018, zamanin Sufeto Janar Ibrahim Idris, aka umarci masu irin wadda ake jan mariƙinta na ƙasa ta ɗura harsashi su miƙa ta. Gida na uku shi ne na bindigar toka irin ta maharba, wadda al'amarinta yake hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Game da lokaci, dokar ba ta ɗora wa hukuma wani wa'adi na kwanaki ba, kuma ta faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, hukuma tana iya hanawa ba tare da ta bayyana dalili ba. Ta kuma hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda shaye-shaye ya yi wa katutu, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A kan wannan duka, a watan Agustan 2023 Kayode Egbetokun, yana muƙaddashin Sufeto Janar a lokacin, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawan makaman da suke yawo a hannun jama'a.

Mutumin nan na uku da ya yi maka alkawarin mako uku, ina ba ka shawara ka nisance shi. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba tare da sahihin lasisi ba ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, takardar jabu ba za ta rage maka komai ba, sai ma ta ƙara maka tuhuma ta biyu.

Bakadune a Shikago ya amsa:

Alhaji, ina gaisuwa, ina kuma gaida Barista. Ni haifaffen Tudun Wada ne, yau shekara goma sha ɗaya ina Amurka, kuma na bi wannan hanya da kaina, saboda haka zan yi bayanin ɓangaren da ƙanenka ya taƙaita maka.

Gaskiya ya faɗa game da Teksas, amma Teksas ba ita ce Amurka duka ba, domin kowace jiha daga cikin 50 da dokarta. A can, mai nema yana cike takarda ta intanet, ya biya dala 40, a ɗauki zanen yatsunsa, ya zauna aji na awa 4 zuwa 6, ya rubuta jarrabawa, sannan ya harba harsashi 50 a gaban malami daga nisa uku daban-daban. Doka ta ba hukumar tsaron jihar kwana 60 ta yanke hukunci bayan takardu sun cika. Hasali ma tun ranar 1 ga Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da wani laifi da ya hana shi yana iya ɗaukar bindigarsa a Teksas ba tare da katin ba, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar sun koma wannan tsari. Masu neman katin yanzu suna yi ne galibi domin wasu jihohin su karɓe shi idan tafiya ta kama.

A Ilinoi inda nake, lamarin ya fi haka nauyi, kuma ita ce jiha ta ƙarshe da ta amince da ɗaukar bindiga a ɓoye, a 2013. Sai da na fara neman katin shaidar mallakar bindiga, wanda idan babu shi ko harsashi ba za a sayar maka ba. Bayan ya fito na zauna aji na awa 16, Asabar da Lahadi, a wani ɗaki da ke bayan shagon sayar da bindigogi, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin lokacin ba a kan harbi ya tafi ba, a kan doka ya tafi: inda ba a shiga da bindiga, yadda ake ajiye ta a mota, da ranar da mutum zai harba ya ƙare a kurkuku ko da shi aka fara tsokana. Malamin ya riƙa nuna mana hoton alamar da ake liƙawa a ƙofar shago, bindiga a cikin jan da'ira an soke ta, yana cewa duk wanda ya tsallake ta ya karya doka. Kuɗin nema dala 150 ne, ban da kuɗin aji da na zanen yatsu. 'Yan sandan jiha suna da kwana 90 idan ka haɗa da zanen yatsu, kwana 120 idan ba ka haɗa ba. Ni dai, daga aji zuwa ranar da na buɗe akwatin wasiƙa na ga katin, wata uku ne da 'yan kwanaki.

Sauran jihohin kowacce da nata tsarin, wasu ma sun fi waɗannan biyu tsanani. A Fensilbaniya wurin sharif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ake nema, kuma kwana 45 gare shi. A Niyok ana neman awa 16 na aji da awa 2 na harbi da mutum huɗu masu shaidar halinka, kuma doka ta ba jami'i har wata shida. Kafin Yunin 2022 ma sai ka gamsar da jami'in Niyok cewa kana da wani dalili na musamman da ya wuce na sauran jama'a, har Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi a shari'ar Bruen. Bambancin da Barista ya nuna a nan yake: a Amurka riƙe bindiga haƙƙi ne da gyara na biyu na tsarin mulki ya tanada, shi ya sa ake ƙirga wa hukuma kwanaki.

Akwai abu ɗaya da 'yan'uwanmu masu zuwa suke yawan tambayata. Mai katin zama na dindindin yana iya nema, amma wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a 'yan wasu halaye ƙalilan, kamar mai lasisin farauta. Kuma katin ƙanenka, Alhaji, ko Shikago ya zo da shi ba zai yi masa aiki ba, balle filin jirgin Kaduna.

Ɗan Maharbi ya amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, ni ba masanin doka ba ne, amma na girma a gidan da ake da bindiga mai lasisi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da mai baki biyu da yake fita farauta da ita a dazukan Birnin Gwari tun lokacin da ake shiga dajin da tsakar dare ba tare da fargabar kowa ba sai ta namun daji. Ina tuna littafin lasisin, ƙarami ne kamar fasfo, an rubuta lambar bindigar a ciki da adadin harsashin da aka yarje masa, kuma duk shekara yakan saka babbar riga ya je a buga masa hatimin sabuntawa. A yadda yake ba mu labari, kafin a ba shi sai da ya kai takardar likita da hotuna da mutanen kirki da suka tsaya masa, aka zo unguwa aka tambayi maƙwabta halinsa, sannan fayil ɗin ya tafi sama ya daɗe kafin ya dawo.

Da ya rasu, mun zaci bindigar za ta shiga rabon gado kamar keke da rediyo, har wani yayana ya riga ya sa mata ido. Wani tsohon ɗan sanda abokin Baba ne ya zaunar da mu bayan addu'ar bakwai ya ce lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba ya bin jini. Muka naɗe ta a cikin tsohon bargon da take kwana a ciki, muka kai ta ma'ajiyar makamai, aka ba mu rasit. Na kawo wannan ne domin na san akwai gidaje da yawa a Kaduna da Zariya da irin wannan bindiga take kwance a saman kabad, masu gidan suna ganin littafin mamaci ya ishe su kariya.

Batun mai mako uku kuwa, na taɓa faɗawa hannun irinsa shekaru kaɗan da suka wuce, lokacin da na so in nemi lasisi da sunana. Ya karɓi kuɗi kashi biyu, ya kawo mini wata takarda mai hatimi da sa hannu, da na nuna wa abokin Baba sai ya juya ta gaba da baya ya ce in ƙona ta kafin wani ya gan ta a hannuna. Tun ranar lambar wayar mutumin ba ta sake shiga ba.

Lauya daga Barnawa ya ƙara da cewa:

Ina so in ƙara abu ɗaya, domin na san wani zai ce ai gwamnoni da kansu sun ce jama'a su nemi makami. Haka ne, Aminu Bello Masari ya yi wannan kira a Katsina a 2021, kuma a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta sanar da cewa za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta daga cikin 19 na jihar. Amma rundunar 'yan sanda ta fito ta ce ba ta bayar da lasisi, kuma maganarta ce ta tsaya, domin a tsarin mulkin 1999 makamai da alburusai suna cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take yi wa doka. Kalaman gwamna a gaban 'yan jarida ba hujja ba ce da za ka miƙa wa alƙali.

Idan har kana son ka bi hanyar da take a buɗe a takarda, to mai baki ɗaya ko mai baki biyu ce, kuma matakin farko shi ne ka rubuta wasiƙa da sunanka zuwa ga kwamishinan 'yan sandan jiha, ka kai ta da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka tambaya a rubuce ko ana karɓar sababbin buƙatu. Kada ka sayi bindiga kafin amsa ta zo, kuma kada ka biya ko kwabo a hannun mutum ba tare da rasit na gwamnati ba. Ka kuma sani cewa ko ta fito, doguwar bindiga ce da ba ta shiga ƙarƙashin riga, kuma duk shingen da ka iso da ita a mota sai ka yi bayani.

Manomin Hanyar Kachia ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Barista, da kai ɗan'uwa na Shikago, da Ɗan Maharbi, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Na kira mutumin na ce masa na fasa, ya ce har ya riga ya fara magana da manya, na ce ya ba su haƙuri. Ƙanena ma na tura masa bayanin gidajen nan uku, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce bai taɓa sanin sai Shugaban Ƙasa ba. Zan rubuta wasiƙar a wannan mako in kai da kaina. Barista, shin in haɗa takardar likita da hotuna da takardun gonar tun a wasiƙar farko, ko in bari sai sun nema?