Garka ɗaya, ƙasa iri biyu: yaya za a raba mata ruwa?

Mai Garka Sumarana: Assalamu alaikum ƴan zaure. Garkata eka ɗaya ce a bakin gulbi, rabi jigawa rabi laka. Na sa tuyo da kawunan fesa ruwa, amma in jigawa ta ƙoshi sai laka ta zama tabki, albasa na ruɓewa. An ce akwai na'ura mai ba kowane gefe ruwansa daban. Wa ya san ta?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai ta, amma a manyan gonaki ake ganinta, irin na Amurka, a kan dogon bututu mai tayoyi da ke zagaya gona. Ana auna ƙasa a yi taswira, a zuba a kwamfuta. GPS na gaya wa injin inda yake, shi kuma ya dinga buɗe wasu kawuna yana rufe wasu, ko ya rage gudu inda ake son ruwa da yawa. Eka ɗaya ba ta biyan kuɗinta.

Baba na Jirataua: Ɗana, raba garkar kashi uku, kowane kashi da robinensa, wato makunnin ruwansa. Jigawa kaɗan-kaɗan kullum, laka ka ƙosar da ita ka bar ta ta huta. Mun daɗe muna haka da zogala ba mu san sunansa na boko ba.

Injiniya: Baba ya gama magana. In da hali, a sa robine mai aiki da lantarki da agogonsa, fano ɗaya na hasken rana na riƙe su. Ku riƙe lissafin nan: zurfin ruwa milimita 1 a hekta ɗaya lita 10,000 ce.

Hajiya Mai Salati: Ni iska ce matsalata. Da hunturu rabin feshin gonar maƙwabci yake tafiya 😅

Injiniya: Hajiya, ki yi feshin da asuba ko da maraice, kuma a rage tsawon sandunan da ke riƙe kawunan. A sa matata bakin famfo, rairayin rijiya na toshe kawuna.

Ɗan Tibiri: Akwai kuma Télé-Irrigation na Abdou Maman Kané, ɗan ƙasarmu Nijar, da salula kake kunna famfo kana gida.

Baba na Jirataua: Salula ba ta tona ƙasa. Sa hannu ka damƙo, in ta dunƙule akwai sauran laima.

Mai Garka Sumarana: Na gode ƙwarai. Injiniya, robine ukun nan, a Babbar Kasuwa zan samu ko sai an aika Kano?