Fatsa cikin cunkoso: yaya masu kamun salmon ke yi zarensu ba ya sarƙewa?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai bidiyon da ke yawo a Facebook na masu kamun kifin salmon a Alaska ta ƙasar Amurka. Mutane sun jeru a gaɓar kogi kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Idi, kowa na jefa ƙugiya, amma ba ka ganin zare ya sarƙe. Mu kuwa mutum goma su taru a ƙarƙashin gadar Tamburawa ko ta Wudil ranar Lahadi, rabin wunin a warwarar zare da cacar baki yake ƙarewa. Wace dabara suke yi? Kuma za ta yi aiki a kan tarwaɗa da karfasa?

Injiniyan Sharaɗa:

Wa alaikumus salam. Wurin da ya fi suna da irin wannan cunkoso shi ne inda kogin Russian ya haɗu da kogin Kenai, a watannin Yuni da Yuli, lokacin da salmon ɗin da ake kira sockeye ke hawowa. Dabarar kuwa daga halin kifin ta fito. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, bayan 'yan shekaru ya komo kogin nasa ya yi ƙwai ya mutu. Da zarar ya shigo kogi, cin abinci ya kusa ƙarewa, don haka ba a sa masa tana. Tafe yake ayari-ayari a kusa da gaɓa, inda ruwa bai cika ƙarfi ba, yana buɗe baki yana rufewa. Aikin mai fatsa shi ne ya sa zarensa ya gitta gaban ayarin daidai da tsayin bakinsu. Zaren ya faɗa bakin ɗaya, ruwa ya ja shi, har ƙugiya ta iso ta kama gefen baki.

Shi ya sa babu jifa mai nisa. Zaren da ke waje bai fi mita uku zuwa huɗu ba. Mutum ya wurga shi sama da inda yake tsaye kaɗan, wato ta inda ruwa ke gangarowa, darmar da ke ɗaure a zaren ta nutse ta riƙa dungurar ƙasa tana gangarowa, kan sanda na biye da ita. Tana wuce shi sai ya ɗaga ya sake wurgawa. Darmar ba ta da nauyi, giram 14 zuwa 28 gwargwadon ƙarfin ruwa. In ta yi sauƙi zare ya bi ta saman kifin, in ta yi nauyi ta maƙale a duwatsu. A wannan wurin doka ta ce ƙugiya mai baki ɗaya za a sa, faɗin bakinta kada ya wuce kusan santimita 1, darma kuma ta kasance aƙalla inci 18 sama da ita. Kifin da aka kama ta baya ko ta wutsiya dole a sake shi.

Rashin sarƙewar kuma tsari ne. Na ƙasa shi ke fara wurgawa, sannan na samansa, a haka har ƙarshen layi, sai zarurrukan su gangara a jere ba su tsallake juna ba. Wanda ya kama sai ya ɗaga murya, na ƙasa da shi su ɗauke zarensu su ja baya. Suna kuma sa zaren da zai ɗauki kilo 9 a kan kifin kilo 2 zuwa 3, don a fito da shi da wuri kafin ya ratsa ta cikin na mutane. Ka lura kusan kowa da tabarau da hula. Ba ado ba ne, darmar da ta kufce daga bakin kifi fuska take nufowa. Kuma su ma suna sarƙewa, mai bidiyo ne bai ɗauki wajen ba.

Baba Mai Fatsa:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ɗana, kada ka kai wannan dabarar Wudil. Tarwaɗa ba ta jeruwa a layi baki buɗe. A ƙasa take, cikin rami ko gindin itacen da ya nutse, da ƙanshi da gashin baki take neman abinci, ta fi fitowa daga magariba zuwa asuba. Ƙugiya tsirara mu ma muna da ita, ita ce mamari, dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, amma shi shimfiɗa shi ake yi a tafi a dawo. Wanda ya riƙa fizgar ƙugiya tsirara a tsakiyar jama'a, leda zai kama ko kunnen maƙwabci.

Abin da ke haɗa zare a wurinmu uku ne, kuma na farko ya fi yawa: darmar mutane ba ɗaya ba ce. Wani ya sa giram 50, zarensa ya zauna inda ya faɗa. Na samansa ya sa giram 15, ruwa ya kwashe shi ya kai kan na ƙasa. Ko minti biyu ba a yi sun haɗe. Idan kun isa wuri, ku duba darmar waɗanda kuka tarar ku sa irinta. A ruwa mai kwanciya giram 20 zuwa 30 ta isa. Inda yake gudu, kamar tsakanin ƙafafun gada, 40 zuwa 60. Kuma faffaɗar darma za ku nema, mai kama da kwabo. Mulmulalliya birgima take yi a kan yashi komai nauyinta.

Na biyu, haɗa mai totuwa da mai darma a wuri ɗaya. Mai neman karfasa da totuwa ko guntun silifa a saman ruwa, zarensa tafiya yake yi, dole ya bi ta kan na masu tarwaɗa. Shi wurinsa can ƙarshen layi ta ƙasa, ko bakin ciyawa inda ruwa ke juyawa. Can ma karfasar take.

Na uku, jifa a karkace. Kowa ya jefa gabansa, ya ɗan karkata ƙasa, kowa ta fuska ɗaya. Tazara kada ta gaza taku huɗu. Bayan darma ta zauna a naɗe rarar zaren har ya miƙe, a kafa sanda a kan reshe mai baki biyu, kanta a sama. Zaren da aka bari ya yi ciki a ruwa shi ke kamo ciyawa, ciyawa ta ƙara masa nauyi, ya ja darmar.

Ga ɗaurin tarwaɗa. Babban zare mai kaurin milimita 0.40. A ƙasansa guntun zare mai 0.30, tsawon kamu biyu, shi ke ɗauke da ƙugiya. Dalilin sa siriri a ƙasa shi ne in an maƙale ko an sarƙe, shi zai tsinke, ka yi asarar ƙugiya ɗaya kawai. Lambobin ƙugiya sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka auna da ido: ta tarwaɗa faɗin bakinta kamar farcen manuniya, ta karfasa rabin haka. Ƙugiya ɗaya tak a cikin jama'a. Masu jera uku-uku su ne in sun sarƙe sai wuƙa. Abinci kuwa tana, hanjin kaza da ya ɗan kwana, ko shinge a farkon damina. Ka bar tsinin ƙugiya a waje kaɗan, hanji yana da yauƙi da tauri, in ya rufe tsinin sai ka ja ta fito daga bakin kifi salin-alin.

In an sarƙe, mutum ɗaya ne zai janyo duka biyun, ɗayan ya sassauta nasa. Kowa ya ja nasa, ƙulli ya ɗaure. Wanda zarensa ya hau na wani shi ke yanke ƙugiyarsa ya zare.

Abu Hanan:

Baba, a gafarce ni, ina da ƙari a kan darmar. Giram 60 da aka ɗaure kam a jikin zare tana sa kifi ya ji nauyi ya tofar, musamman ragon ruwa. Gara mai huda a tsakiya: a zura babban zare ta ciki, a sa ɗan dutsen carbi na roba a ƙasanta don kada ta daki ƙulli, sannan ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, sannan guntun zaren. Kifi ya ɗauka, zare ya zame ta cikin darma, kan sanda ya motsa, ita tana zaune. A inda ƙasa taɓo ce kuma, kada a wuce giram 30, nutsewa take yi ta ja abincin cikin laka.

Ɗan Kurna, ka kula da ruwan kansa. Kogin Kano da ke fitowa daga dam ɗin Tiga da kogin Challawa da ke fitowa daga dam ɗin Ƙaraye su ne suka haɗu suka bi ta Wudil suka nufi Haɗeja. In an saki ruwa daga sama, ko dam ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, kogi na iya ƙaruwa alhali ko gajimare babu a inda kake. Ka kafa kara a bakin ruwa da isarka. Ka ga ruwa ya haye shi, ko kumfa da karmami sun fara gangarowa, ku bar tsibirin yashi ku hau tudu. Inda ake ɗibar yashi kuma akwai ramuka, daga ruwa iya gwiwa sai wanda ya shanye mutum, don haka kada a bi ƙugiyar da ta maƙale. Tsayuwa cikin ruwan da ke kwance mai ciyawa da ƙananan dodon koɗi ita ke kawo tsargiya. Sannan a guji ƙasan inda ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke zuba, akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa. Baƙo kuma ya gaida masuntan wurin, ya tambayi inda aka shimfiɗa ragar kalli da mamari. In wurin na da Sarkin Ruwa, a nemi izininsa.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai. Baba, su fulogin babur da noti da yara ke ɗaurawa maimakon darma fa?

Baba Mai Fatsa:

Gaskiyar Abu Hanan ne a kan mai huda. Fulogi yana yi a inda ake yawan maƙalewa, tunda ba a jin zafin asararsa, sai dai yana birgima. Ka danne ɗan ƙarfen bakinsa ya rufe, ka ɗaura shi da zare siriri dabam don ya tsinke shi kaɗai. Noti kuma gefensa na cin zare, sai ka zura guntun robar wayar lantarki a ramin kafin zaren ya bi.