Wai in ka ari gaisuwar Chrome ka tsira daga masu gadi?

Sadiƙ: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana, wanda ya ga dama ya musa. Duk wannan tsaron da shafukan intanet ke yi don kama masu kwasar bayanai da manhaja a wuri ɗaya ya rataya: gaisuwar TLS, wato saƙonnin farko da na'urarka ke musaya da shafi kafin a fara ɓoye bayanai. Sati uku ina fama da wani shafi. Na canza User-Agent zuwa na burauzar Chrome, sai 403, wato an hana ni shiga. Na kwafe duk kanun buƙatar da burauza ke turawa, 403. Jiya na ajiye requests na Python, kayan aikin da nake tura buƙatu da shi, na ɗauki wani mai suna curl_cffi, na ce masa ya kwaikwayi Chrome, nan take ƙofa ta buɗe. Wanda ya gyara gaisuwarsa ya gama, sauran duk tsoratarwa ce.

Nura: Wa alaikumus salam. Yaya Sadiƙ, a taimaka wa na baya. Wace gaisuwa kuma? Ni na ɗauka User-Agent ne ke faɗa wa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ko kai wane ne.

Malam Bashir: Nura, User-Agent suna ne da kake faɗa da bakinka, kowa na iya cewa shi wane ne. Amma kafin a zo nan, da ka buɗe shafi mai https, na'urarka ce ke fara magana da wani saƙo mai suna ClientHello. A ciki take jera hanyoyin ɓoye saƙo da ta iya, da ƙarin abubuwan da take goyon baya. Wannan saƙon a fili yake tafiya, kuma kowace manhaja da irin jerinta. Wajen ɓoye saƙo, Chrome da manhajar BoringSSL yake aiki, Firefox da NSS, Python kuma da OpenSSL. To ka ce kai Chrome ne alhali harshenka na OpenSSL ne, ai tun daga sallama an gane ba ɗan gida ba ne. A 2017 wasu mutum uku a Salesforce, John Althouse da Jeff Atkinson da Josh Atkins, suka fitar da JA3, hanyar gane manhaja daga gaisuwarta: a ɗauki filaye biyar daga saƙon nan a niƙa su da wani lissafi mai suna MD5, a samu lamba mai haruffa 32. Ita ce ta kama Sadiƙ sati uku.

Sadiƙ: Ka gani? Malam ma ya tabbatar da maganata.

Malam Bashir: Rabinta na tabbatar, kada ka ci da zuci. Ka tsallake ƙofar farko ne kawai.

Maryam: Bari in shigo, tunda ni a ɗaya gefen nake, ni ce mai gadin shafi. Sadiƙ, buƙata nawa ka tura jiya?

Sadiƙ: Kamar ɗari biyu, gwaji ne.

Maryam: To ka dawo mana da labari idan ta kai dubu hamsin. Daga ina ka tura su?

Sadiƙ: Daga wata saba da nake haya.

Maryam: Madalla. Ga abin da ni zan gani a wajena. Baƙo ya ce shi Chrome ne a kan Windows. Gaisuwarsa ta TLS ta yi daidai, ban musa ba. Amma adireshinsa na IP na cibiyar ajiye saba ne, inda ba a sa ran mutum ya zauna yana karanta shafi. Ƙunshin saƙonsa na TCP kuma ya taso da TTL 64, wato adadin zangon da aka yarda ya ratsa a hanya, irin na Linux, alhali Windows da 128 take farawa. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce, manhajar p0f ta Michal Zalewski tun 2000 take yin ta. Sannan baƙon nan bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, bai taɓa fayil ɗin CSS ba, bai gudanar da JavaScript ba, shafi bayan shafi kawai yake zuƙa ba numfashi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sadiƙ: Anti Maryam, adireshi ai ba matsala ba ce. Ana sayar da firoksi na gidajen mutane, wato buƙatarka ta bi ta adireshin gidan wani.

Maryam: Ka taɓa tambayar inda masu sayarwar suke samo su? A watan Mayun 2024 hukumomin Amurka suka rushe wata kafar sayar da irin wannan firoksi mai suna 911 S5, suka kama YunHe Wang da ake zargi da tafiyar da ita. Adireshi sama da miliyan 19 ne, na kwamfutocin mutanen da aka cusa wa manhajar VPN ta bogi ba da saninsu ba. Ban ce duka haka suke ba. Amma in ka sayi irin wancan, ta cikin gidan wani bawan Allah kake ratsawa, in an zo bincike ƙofarsa za a buga.

Nura: Subhanallah. Ni da nake shirin saya.

Malam Bashir: Ku bar ni in koma kan fasahar, don akwai wurin da zan ba Sadiƙ gaskiya. Kayan aikin da ya ɗauka ba TLS kaɗai yake gyarawa ba. Tushensa curl-impersonate ne, wanda ya fito a 2022, kuma yana kwaikwayon HTTP/2 ma, wato sabon tsarin da burauza ke aika buƙata ga saba da shi. Masu binciken Akamai sun nuna tun 2017 cewa da zarar an buɗe HTTP/2, saƙon SETTINGS da WINDOW_UPDATE da jerin kanun farko suna fallasa manhaja. Chrome yana jera method, authority, scheme, path. Firefox kuma method, path, authority, scheme. Shi kuwa requests ko HTTP/2 ɗin bai iya ba, a 1.1 ya tsaya. Wato jiya ƙofa biyu Sadiƙ ya tsallake a lokaci guda, yana zaton ɗaya ce. Ko a nan ma maganarsa ta "TLS kaɗai" ta faɗi.

Sadiƙ: To na ji, TLS da HTTP/2. Amma an gyara su an gama, ko ba haka ba?

Malam Bashir: An gama zuwa yaushe? Abin da kake kwaikwaya ba a tsaye yake ba. A farkon 2023, daga Chrome 110, burauzar ta fara cakuɗa jerin ƙarin abubuwan nan a kowace gaisuwa. Lambar JA3 ta Chrome ta daina zama ɗaya. Abin dariya, waɗanda suka kwafe tsohon jeri suka kafe a kai su ne suka fita zakka, domin Chrome na gaske ba ya maimaita kansa. A shekarar dai Althouse ya fito da JA4, wadda ke tsara jerin kafin ta lissafa, cakuɗawar ta zama banza. A 2024 kuma Chrome 124 ya ƙara makullin da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantam, ClientHello ya kumbura har ya wuce ƙunshi ɗaya. Kai kuma kana nan da rigar bara. Mutane na gaske burauzarsu na sabunta kanta, taka ba ta yi sai ka tuna.

Barista Usman: Ina ta karantawa shiru. Tambaya ɗaya gare ni, Sadiƙ. Da shafin ya ba ka 403, me ka fahimta?

Sadiƙ: Cewa akwai matsalar da zan warware, Barista.

Barista Usman: Ni kuma na fahimci an ce maka a'a. Mutane na son ambaton shari'ar hiQ, wani kamfanin kwasar bayanai, da shafin LinkedIn a Amurka, inda kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2019, ta kuma nanata a 2022, cewa da wuya kwasar bayanan da ke a fili ta zama laifin kutse. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarshen labarin: a 2022 ɗin dai alƙali ya samu hiQ da saɓa yarjejeniyar amfani da shafin, aka ƙare a sulhu. Kuma wannan dokar ƙasa ɗaya ce. Ɗaukar abin da ke fili daban, sauya kama bayan an hana ka daban. Na biyun ne ke nuna ka san ba a son ka.

Sadiƙ: A nan ne ban yarda ba. Bayanin da kowa zai iya gani da ido, don na aiki manhaja ta karanta mini sai ya zama sata? Kuma ku faɗi gaskiya, wa tsaron nan yake bari ya wuce? Googlebot, manhajar Google mai bin shafuka. Manya an buɗe musu ƙofa, ɗalibi mai bincike ko ɗan jarida kuma an rufe. Sannan ita kanta dabarar ba ɓarayi suka ƙirƙiro ta ba. uTLS, wanda ake wannan kwaikwayo da shi a harshen Go, masu yaƙi da toshe intanet ne suka gina shi, don mutanen da gwamnatinsu ke tace layi su saje da sauran jama'a.

Malam Bashir: Wannan ta uTLS gaskiya ce, ba zan danne maka ita ba.

Maryam: Ni ma na yarda. Amma Googlebot ba sajewa yake yi ba. Yana faɗin sunansa, ina iya tabbatar da adireshinsa, yana bin robots.txt, fayil ɗin da shafi ke faɗa wa manhajoji inda ba a son su shiga, ƙa'idar da ke nan tun 1994. In ya dame ni na san wanda zan rage wa gudu. Kai in ka saje da jama'a, ba ni da yadda zan taka maka burki ba tare da na taka wa mutane ba. Daga nan ne ake fara jefa wa kowa gwajin "tabbatar kai mutum ne", har da makaho mai amfani da manhajar karanta allo, wanda bai ci ba bai sha ba. Kuma nauyin ba wasa ba ne. Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta faɗa a Afrilun 2025 cewa kashi 65 cikin ɗari na zirga-zirgar da ta fi cin musu kuɗi daga bot take zuwa, wato manhajoji masu kwasar bayanai, alhali su kyauta suke ba da bayanansu a dunƙule ga duk mai so.

Sadiƙ: Ni ba kamfanin ƙirƙirarriyar basira ba ne, Anti. Buƙata ɗaya a daƙiƙa biyar nake yi.

Maryam: To me ya hana ka sa sunanka da adireshin imel a User-Agent ka rubuto musu? Ni da kaina na sha buɗe wa masu bincike hanya, wasu ma na ba su fayil ɗin gaba ɗaya.

Sadiƙ: Na rubuta. Sau biyu. Ko amsa.

Maryam: Wannan kam laifinsu ne.

Barista Usman: Laifinsu ne, amma shiru ba izini ba ne.

Sadiƙ: A wajen budurwa izini ne, Barista.

Barista Usman: Ka faɗa wa alƙali haka, zan zo kallo.

Nura: To ni yanzu na rasa. In koyi abin nan ko in bari?

Malam Bashir: Ka koya. Ka buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke fita daga na'ura, ka kama ClientHello na burauzarka da na Python, ka ajiye su gefe da gefe. Sa'a guda a kan haka ta fi duk surutunmu na yau. Sadiƙ kuma, yaya ƙofar taka da safen nan?

Sadiƙ: Na bar shi yana gudu da dare. Ya kai dubu uku da wani abu, sai ya fara karɓar 429, wato buƙatun sun yi yawa, yanzu kuma shafin gwajin JavaScript yake samu. Amma ina ganin matsalar adireshi ce, ba gaisuwar ba.

Maryam: Mu ma ai ba mu ce gaisuwar ce ba.