Naɗin om 0.15 da kalmar da ta hargitsa zauren masu shan sigarin lantarki

Ɗan Domayo: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Na je sayen audugar sigarin lantarkina wani shago a nan Marwa ta Kamaru, mai shagon yana ganin naɗina ya hau yi mini wa'azi a gaban mutane, wai zan ƙona bakina. Koyil biyu, wato naɗin wayar da ke ɗumama ruwan sigarin ya zama tururi, na naɗa da wayar Ni80, mita ta nuna om 0.15, ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta, tururi kuwa kamar hazon hunturu. Na faɗa masa kuma ina maimaitawa: in om bai yi ƙasa ba, babu ɗanɗano. Duk mai naɗa sama da 0.3 a zamanin nan ƙauyanci yake yi.

Mai Lantarkin Garwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, na'urar mai allo ce ko ta ƙarfe zalla marar kariya? Wane batir ne a ciki?

Ɗan Domayo: Ta ƙarfe ce, Yaya. Batir ɗaya, Samsung 25R.

Mai Lantarkin Garwa: To mai shagon nan masoyinka ne. Batir in ya cika, bolt 4.2 ne. Raba 4.2 da 0.15, amp 28 na wuta ke nan naɗinka yake ja, shi kuwa 25R amp 20 aka yi shi ya jure a jere, ka ga ka ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Ga zafin Marwa da ke wuce digiri 40 a Afirilu, ga shi a aljihu. Wannan 0.3 da kake rainawa amp 14 yake ja, yana ba ka wat kusan 59.

Na Kuseri: Ku ɗan dakata. Ɗan Domayo, wa kake kira baƙauye? Ni wayar kantal nake naɗawa, koyil ɗaya, om 0.5. Ashe mu ne ƙauyawan?

Ɗan Domayo: Ban ce baƙauye ba, na ce ƙauyanci.

Na Kuseri: Mai yin ƙauyanci me ake ce masa? Kayan da kuke taƙama da su a Marwa, sai mun gaji da ganinsu a Injamena, sun haye gadar Ngeli, kafin ku ji labarinsu.

Autan Pitoare: Wallahi ba haka ba ne. Kayanmu daga Duwala suke haurowa. Kullum mutanen Kuseri sai nuna mana Cadi, sai ka ce ku kuka gina ta.

Na Kuseri: Auta, ba da kai nake ba. Fara biyan jaka biyun ruwan sigarin da ka karɓa tun kafin azumi.

Autan Pitoare: Ruwan da ke yoyo ta ƙofar iska? Shi zan biya?

Mai Lantarkin Garwa: Ba laifin ruwan ba ne, Auta. Zafi na tsinka shi, in audugarka ta yi kaɗan dole ya zubo. Auduga ta shiga cikin koyil da ɗan tauri, in ka ja ta ka ji tana riƙewa amma ba ta karkatar da naɗin ba. Kuma ku bar ni in ƙarasa wa Ɗan Domayo. Ɗanɗano ba a lambar om yake ba, yana wajen daidaita nauyin ƙarfe da wuta da iska. Waya mai kauri om ɗinta kaɗan ne, amma tana jinkirin ɗaukar zafi, kuma ko ka saki maɓalli tana ci gaba da gasa audugar. Daga nan ƙauri yake zuwa. Kafin ka sa auduga, danna kaɗan-kaɗan ka duba: jan wutar ya fara daga tsakiya ya bazu zuwa gefe, koyil biyun su yi ja tare. In wuri ɗaya ya riga saura haske, gyara shi tukuna.

Ɗan Domayo: Ka ji, Na Kuseri? Shi ya sa Ni80 ta fi kantal, ta fi saurin ɗaukar zafi.

Na Kuseri: Ba abin da ya ce ke nan ba. Kuma har yanzu ba ka janye kalmarka ba.

Kawu Direba: Yara, ku ji tsoron Allah. Da ɗan birni da baƙauye duk shisha kuke sha, kuma gwamnatin Kamaru ta hana shisha tun 2022.

Autan Pitoare: Kawu, da girmanka, wannan ba shisha ba ce. Babu gawayi, babu taba a kwano.

Kawu Direba: Nikotin fa? Ɗan ƙanwata da ita ya fara, yanzu ko sallar asuba ba ya tashi sai ya laluba ta.

Yaya Nas: Kawu ya yi gaskiya kan nikotin, yana kama mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce abin nan lafiya lau ba ne. Wanda bai taɓa shan taba ba kada ya fara. Ku masu sha kuma, ƙaurin nan alama ce ta ruwa ya ƙone, in ya ƙone yana fitar da guba irin su fomaldehaid.

Ɗan Domayo: Yaya, ni sigari na bari na koma nan. Ba wannan na kawo ba.

Na Kuseri: Abin da ka kawo zagi ne.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Ga abin da aka tsayar. An yarda cewa kalmar ƙauyanci cin fuska ce ga 'yan'uwanmu na Kuseri, Ɗan Domayo ya ba su haƙuri. An kuma tabbatar kantal a om 0.5 ita ce daidai da zafin ƙasarmu, mu nan Kuseri mun daɗe da sanin haka. Auta ya biya bashinsa. Maganar shisha a kai ta wani zauren. Mai buƙatar kantal ya same ni ta gefe.

Autan Pitoare: Wa ya yarda? Shugaba, kai da Na Kuseri unguwarku ɗaya.

Mai Lantarkin Garwa: Ni ban ce kantal ta fi ba, kuma Shugaba ka tsallake maganar batir gaba ɗaya. Ɗan Domayo, don Allah kwance naɗin nan yau, kada ka sake dannawa a kan 25R guda ɗaya.